Baturen Ingila Ba Ya Cika Baki, In Ji Baturen Ingila

A majalisarmu ta gindin dalbejiya, gefen teburin mai shayi, akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya tun zamanin da ake biyan albashi a ambulan. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Idan ka ɓata masa rai, gyara zaman tabarau kawai yake yi ya jefe ka da kalmar Turanci guda, irin wadda sai ka koma gida, ka ci tuwo, ka kwanta, can tsakar dare ka farka ka gane ashe wanke ka aka yi tas.

Ranar nan wani matashi mai neman kansila ya tsaya a kanmu. Rabin sa'a yana ba mu labarin yadda gwamna ba ya runtsawa sai ya ji muryarsa, da yadda aka roƙe shi ya karɓi kwamishina har sau biyu ya ce a kai kasuwa. Ya sha shayi mai kauri da wainar ƙwai uku, ya ce a rubuta. Da ya ba da baya, tsohon ya bi shi da kallo ta saman tabarau, ya ce, "Braggadocio."

Majalisa ta yi tsit. Mai shayi ya ɗauka sunan wani ɗan ƙwallon Italiya ne. Ni kuwa, da yake marubuci ake ce mini a unguwa, sai na gyaɗa kai kamar da kalmar aka yi mini huɗuba, na sulale gida na sauko da ƙamus daga kan kwaba.

Mako biyu na yi ban fito ba. Ashe Turanci na da rumbu guda na sunayen masu cika baki, da masu kwakwazo, da masu ji-ji da kai. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma ba baya ba ne: fariya, fankama, homa, burga, kuri, taƙama, tinƙaho, hura hanci, shan ƙamshi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kalmomin nan nasu, musamman manyan masu nauyin buhun gero, in ka bi sawun kowace sai ta kai ka ƙofar gidan wani baƙo. Baturen Ingila ya tanadi suna ga kowane irin mai fariya a duniya, amma bai yarda ko guda ɗan gidansu ne ba.

Ita "braggadocio" ɗin ma haka take. Wani mawaƙin Ingila, Edmund Spenser, shi ya ƙera ta a dogon waƙensa The Faerie Queene da ya fara fitowa a 1590. Ya ɗauki "brag", kalmarsu ta gida mai nufin cika baki, ya ɗinka mata jela irin ta sunayen Italiya, ya raɗa wa wani mutum a cikin labarin. To ka ji rashin kunya: kaza taka, ka shafa mata shuni ka ce ta maƙwabci ce.

Gogan naka a labarin ba shi da ko jaki. Wani sadauki ne ya sauka daga dokinsa don ya agaza wa wata mata da ke kwance jina-jina, shi kuwa ya lallaɓo ya kwance dokin, ya haɗa da mashi, ya haye. Shi ke nan, an samu barde. Har bara ya samu mai take masa baya yana zuga shi. Cikas ɗin kawai bai iya hawa ba, doki kuwa ya san wanda ke bayansa. Ran da suka ji an busa ƙaho a daji, sai barde ya diro ya rarrafa cikin sarƙaƙiya ya yi lamo, ya bar bara da ba da amsa. Da ya tabbata mace ce ta fito farauta, sai ya fito yana karkaɗe jiki, daga baya ya bayyana wa baransa cewa shi fa ba ɗan Adam yake tsoro ba, ya zaci mutanen ɓoye ne. Sai a kashi na biyu na littafin, a 1596, asirinsa ya tonu a bainar jama'a. Mai doki ya ce a duba cikin bakin dokin, akwai baƙin tabo. Aka duba, ga shi nan. Aka aske wa barde gemu, aka karya takobinsa. Shekara shida masu karatu suna jiran askin nan. Mu a unguwa zaɓe kawai muke jira.

Daga nan sai yawon maƙwabta. "Gasconade" na nufin cika bakin da ya wuce gona da iri, kuma daga Gascony take, wani yanki a kudu maso yammacin Faransa. Sauran Faransawa ne suka fara yi wa 'yan yankin wannan tambari, irin tsokanar da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, sai Turawan Ingila suka ji ta yi musu daɗi suka ara, ba su mayar ba. Ba su dai cika son a tuna musu cewa sarakunan Ingila sun mulki Gascony ɗin kusan shekara 300 ba, har zuwa 1453. Wa ya koya wa wa, Allah masani. "Fanfaronade" ta ratso Faransa daga Sifaniya. "Thrasonical" daga wani soja ne mai kurin banza, Thraso, a wasan kwaikwayon da Terence ya rubuta a Rum shekara 161 kafin haihuwar Annabi Isa. "Popinjay", wato ɗan gaye mai yawan surutu da ado, asalinta sunan aku ne, kuma in ka bi ta har gida sai ka tarar da "babbagha" ta Larabci. Mai murya kamar aradu kuwa, muryarsa "stentorian" ce, daga Stentor, sankiran rundunar Girkawa a labarin yaƙin Troy, wanda aka ce muryarsa ta kai ta mutum hamsin. A yi wa Stentor adalci, ba shi da lasifika kuma ba shi da waya. Wanda ya zauna kusa da ni a mota daga Kano zuwa Zariya yana da duka biyun, ya saka waya a sifika yana cinikin fili da miliyoyi, sa'an nan ya tsaya rigima da kwandasta a kan canjin naira hamsin.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Rodomonte, mai "rodomontade". Mawaƙan Italiya ne suka ƙirƙire shi, Boiardo ya haife shi, Ariosto ya raine shi a Orlando Furioso na 1516. A labarin sarkin Aljiyas ne, ɗan nahiyarmu ke nan. Yana da baki, ba musu. Amma mutumin nan da ya ce zai shiga Paris, shi kaɗai ya tsallake ganuwa ya shiga, ya yi ɓarna har sai da gari ya taru a kansa. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, aka riƙe masa ƙota, ya haɗiye, ya nemi ƙari, ta ina ya zama maƙaryaci? Duk da haka sunansa ne yau Turanci ke kiran surutun wofi da shi. Ina ganin akwai ƙarar da ya kamata a ɗaukaka.

In maƙwabtan kusa sun ƙare, sai a nausa gabas. A 1885 aka fara nuna wani wasan barkwanci mai waƙe-waƙe a London, The Mikado, na Gilbert da Sullivan. Wai a Japan abin ya faru. A ciki akwai wani mai suna Pooh-Bah. Manyan jami'an gari sun ajiye aiki saboda ba za su iya zama a ƙarƙashin tsohon tela ba, shi kuwa bawan Allah ya danne zuciyarsa ya karɓi muƙaman duka: shi ne ma'aji, shi ne alƙalin alƙalai, shi ne shugaban sojoji, shi ne magajin gari, shi ne babban limamin coci. Albashin ma duka ya daure ya karɓa. In ka kawo masa magana, sai ya ba ka shawara a matsayin sakatare, ya soke ta a matsayin ma'aji, ya nuna maka yadda za a kauce wa ma'ajin, sa'an nan ya gargaɗe ka cewa a matsayinsa na alƙali zai iya kama ku duka. In aka ba shi na goro, cin mutunci yake kiransa, kuma yana jure cin mutuncin da haƙuri irin na manya. Kowa a zauren ya san ba wani Japan, ma'aikatun gwamnatinsu ake wa shaguɓe, amma da yake an sa wa mutumin kimono sai aka yi ta dariya da zuciya ɗaya, aka yi wasan sau 672 a jere. Har gobe "pooh-bah" na nufin mai tarin muƙamai da iska a ka. Na taɓa karɓar katin wani da sai da aka juya baya kafin muƙamansa su ƙare, sunansa ma a gefe aka maƙala shi.

Sauran 'yan gabas ba sa buƙatar dogon bayani. "Nabob" daga "nawab" ta Indiya. "Mogul" daga sarakunan Mughal. "Tycoon" da "honcho" daga Japan. Amurkawa ma sun kawo gudummawa da "muckety-muck", wadda ta samo asali daga wani yaren kasuwanci na 'yan asalin gabar arewa maso yammacin ƙasarsu, inda ainihin maganar ke nufin abinci mai yawa. Ban taɓa jin fassarar "babban mutum" da ta kai wannan gaskiya ba.

Akwai kuma "panjandrum", wadda ba ta da uwa ba ta da uba, an dai yi mata amo ne kamar sarautar wata ƙasa mai nisa. Cika baki ne ma ya haife ta. Wani ɗan wasan kwaikwayo, Charles Macklin, ya bugi ƙirji ya ce duk abin da ya ji sau ɗaya ya haddace. Sai abokin sana'arsa Samuel Foote, a 1755, ya tsara masa wani zance mara kai mara gindi, ya cusa wannan kalma a ciki, ya ce bismilla. Kalmar ta tsira, ta zama sunan duk wani mai kujera da ke jin in ya yi tari gari zai kama mura.

A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwan Ingila suka raɗa wa wani makaminsu sunan. Ƙafafu biyu ne kamar na amalanke, kowace tsayinta ƙafa goma, da ganga a tsakiya da za a ɗura wa nakiya kusan tan biyu, an jera rokoki a jikin ƙafafun. Dabarar ita ce a sako shi daga jirgin ruwa, ya gangara da gudu ya fasa katangar kankaren da Jamusawa suka gina a gabar Faransa. Sirri ne babba, don haka suka gwada shi a wani bakin teku a Devon, gaban masu yawon shaƙatawa. A gwajin ƙarshe, cikin Janairun 1944, manyan hafsoshi suka hallara da lambobinsu a ƙirji. Aka kunna. Ya taho tiryan-tiryan, gwanin sha'awa, sai rokoki suka fara ɓallewa suna tashi ko'ina, dodo ya karkace ya nufo inda manya suke. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Janar-janar suka yi ta kansu, mai ɗaukar hoto ya sha da ƙyar, karen wani hafsa ya bi roka guda da haushi. Makamin ya faɗi a gefe ya wargaje, bai taɓa ganin filin daga ba. Ban san wani abu a tarihi da ya ci sunansa kamar wannan ba: ƙara, hayaƙi, girma, kuma duk wanda ya tsorata ɗan gida ne.

Inda Turancin ya burge ni da gaske shi ne wajen tufafi. "Bombast", da ake faɗa wa magana mai kumbura ba nama, asalinta auduga ce. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko maza kan cusa auduga da tsumma da gashin doki a cikin riga da wando don su cika ido. Daga cushen riga aka koma cushen zance. Shakespeare kansa bai tsira ba. A 1592 aka buga wata ƙasida da sunan Robert Greene, inda aka zarge shi da irin wannan cushe, aka kuma kira shi hankakan da ya yi ado da gashin wasu tsuntsaye. Da marubucin ya ji Hausa da ya huta, kirarin hankaka ya riga ya gama maganar: mai da ɗan wani naka. "Fustian" ma sunan wani yadi ne mai kauri kafin ta zama sunan dogon Turanci. Amurkawa suka ƙara da "stuffed shirt", rigar da aka cusa wa tsumma, ba kowa a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin shadda ta sha sitati ta shigo ɗakin taro minti guda kafin mai ita ya san abin da ake nufi.

Sai "bigwig", mai babbar hular gashi. Yayin ya shigo Ingila daga Faransa, ga baƙo kuma, bayan dawowar Sarki Charles na Biyu a 1660, kuma gwargwadon girman hularka gwargwadon girmanka. A 1795 gwamnati ta sa haraji a kan hodar da ake barbaɗa wa gashin, nan da nan manya suka gano ashe kansu na asali ma ba laifi. Kotu ce ta fi riƙe abin, ita ma tun 2008 alƙalan shari'o'in da ba na laifi ba a Ingila suka ajiye. Mu da muka ara muna nan daram. A watan Afrilu, rana na narka kwalta, za ka ga lauya ɗauke da gashin doki a ka, gumi na bin wuyansa, yana riƙe wa mai kaya amanar da mai kayan ya manta da ita.

Ba wai ba su da kalmomin gida ba. Akwai "windbag", jakar iska, kamar zugazugin maƙeri. Akwai "bighead" da "show-off" da "loudmouth". Akwai "cocky" da "coxcomb", duka daga zakara da zankonsa. Amma ka lura, gajeru ne, na cikin gida, irin waɗanda uwa ke yi wa yaro tsawa da su. A arewacin Ingila sukan ce mutum baki ne zalla ba wando. A Texas kuwa cewa suke malafa ce ba shanu, maganar da na tabbata in aka faɗa a ruga ba mai neman tafinta.

To shin da gaske Baturen Ingila ba ya fariya? Yana yi mana, ta ƙarƙashin ƙasa ce kawai. A wurinsa busa wa kanka ƙaho abin kunya ne, don haka ya ƙware a rage murya har sai ragewar ta zama kakaki. In ya ci jarrabawa da lambar yabo, sai ya ce ba laifi. A watan Yunin 1982 wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indonesiya, injinansa huɗu suka mutu gaba ɗaya. Matuƙin, Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa an ɗan sami ƙaramar matsala, injinan huɗu sun tsaya, yana fatan hankalinsu bai tashi sosai ba. Ya kuwa sauke jirgin lafiya a Jakarta. Fiye da shekara arba'in ke nan 'yan ƙasarsu na ba da labarin nan, kuma kowane mai bayarwa ƙirjinsa na ɗan tasowa, a hankali, yadda ba za a kama shi ba.

Dubi kan sarki. Su suka fara buga shi a 1840, da kan Sarauniya Victoria, kuma har yau su kaɗai ne a duniya ba sa rubuta sunan ƙasarsu a jiki. Kowa ya rubuta nasa don a gane shi, su kuwa wanda bai gane kan ba shi ya so. Haka agogo. A taron ƙasashe na 1884 a Washington aka amince layin da duniya za ta riƙa auna lokaci da shi ya ratsa ta Greenwich, wata unguwa a London, Faransa ta ƙi kaɗa ƙuri'a don takaici. Shi ya sa kakana, da bai taɓa wuce Kaduna ba, ya san ƙarfe nawa agogon GMT. Mutumin da ya sa duniya ta saita agogo da bayan gidansa, me zai cika baki ya ce kuma?

Wannan salo ne aka raɗa wa suna a 2010, lokacin da wani marubucin barkwanci Ba'amurke, Harris Wittels, ya fara tattara misalansa a Twitter ya kira shi "humblebrag", fariya cikin rigar tawali'u. Ita kam ta iso mu, ba ta ko tsaya a kwastan ba. Da can Bahaushe in zai yi kirari, a fili yake yi. Ɗan dambe ya ɗaure hannu ya faɗi ko shi wane ne, nan take a turo masa abokin karawa, ƙasa ta raba gardama. Ɗan tauri ya yi ihu, a miƙa masa wuƙa. Sarki kuwa ba ya yabon kansa, yana da masu kakaki da maroƙa, kuma biyansu yake. Yanzu fa? "Jama'a ku taya ni da addu'a, hawa jirgin nan sau uku a mako ya fara taɓa mini baya." "Yaron nan ya ishe ni, kullum na ɗaya, ba ya barin 'ya'yan mutane su ɗana." Hoton farantin abinci, amma makullin mota ya san inda ya kwanta a gefe. Ba a turo maka abokin karawa, kuma dole a ce maka Allah ya sawwaƙe.

Da na gama haddace kayana, sai na sa wankakkiyar riga na koma majalisa. Na jira aka cika. Na fara daga Spenser, na bi ta Gascony, na sauka Japan, na gangaro da makamin nan har bakin teku, ina yi ina satar kallon tsohon. Shayina ya huce, aka sake haɗa wani. Wasu suka tashi suka yi la'asar suka dawo suka tarar da ni a kan hular lauyoyi.

Da na numfasa na ce, "Baba, ka ga yadda na bi maka kalmar nan taka har gida?"

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Na gani, ɗana. Sannu da ƙoƙari." Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Sciolist."

Na gyaɗa kai na yi murmushi, na ce ai ba komai, yi wa kai ne. Mai shayi ya jawo littafinsa ya lashi yatsa.

"Malam, kofi uku da burodi. A rubuta a ƙarƙashin na kansila, ko a buɗe maka shafinka?"